Hoton Zoben da Na Ce Gawayi Ne

Sabon Gari, Zariya,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a gidan Anti Lami a Samaru, ke da ita da mutanen gidan duka. Allah ya tsare ki inda kike zaune, ya tsare ki a hanyar da za ki kama jibi, ya raba ki da direba mai gaggawa da abokin tafiya mai mugun nufi. Mu nan lafiya lau muke, in ban da abin da kika sani.

Yau kwana tara ke nan ba ki taka shagona ba, ba ki kwana a gida ba. Na kira ki a waya sau uku. Kin ɗauka, kin ce "Ina wuni, Baba," kin ce "Lafiya lau, Baba," sannan kin yi gum kina jira in gaji in kashe. Irin wannan ladabin, gara a zage ni in san an zage ni. Jibi Asabar za ki shiga mota zuwa Abuja ki kama aiki a kantin Hajiyar nan mai sayar da sarƙoƙi da zobban daimon, ke ce za ki riƙa ɗaukar mata hoton kaya, kuma na ga take-takenki, so kike ki tafi ba mu zauna ba. Mamanki ta ce wannan taurin kai ba daga danginta kika kwaso shi ba. Na bar ta da bakinta, don ita ce za ta kawo miki takardar nan.

Na san abin da ya ɓata miki rai, ba sai an yi min fassara ba. Ranar Talatar makon jiya kin shigo shago da waya a hannu, baki har kunne. Dattijo Ishaya na majami'armu yana zaune a benci shi da wasu mutum biyu. Kika miƙo min hoton zoben matar malaminku, wanda kika ɗauka kika aika Abuja har aka ba ki aiki a kansa. Tun kina rarrafe kin san dokar shagon nan, hoto ba ya fita sai na duba na ce ya yi. Kalmar da kika zo nema ke nan. Ni kuwa na duba na ce baƙi ya yi yawa, wannan ai gawayi aka ɗora a kan zobe. Dattijo ya ƙyalƙyale da dariya. Kika mayar da waya jaka, kika ce "To, Baba," kika fita.

Zan zo kan wannan maganar, kuma kada ki tsallake shafi ki je nemanta, na san halinki. Akwai abin da ya kamata ki tafi da shi ko kina fushi ko ba kya fushi, domin dutsen da za ki ɗauka ba ruwansa da fushinki. Shekara talatin da biyu ina riƙe da kyamara a unguwar PZ, kuma duk abin da na sani game da daimon, ɓata aiki ne ya koya min. Na so in faɗa miki baki da baki tun tuni. Amma ku 'yan Samaru, da babba ya buɗe baki sai ku ce "mun gane, mun gane," alhali idonku na kan waya. To, tunda kunne ya ƙi, ga takarda.

Ba ki san Mama Emeka ba, kafin a haife ki ne. 'Yar ƙabilar Ibo ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku da gida da zobe mai daimon ƙwaya ɗaya, wanda ya saya mata lokacin da kasuwa take yi da shi. Sai dangin mijin can ƙauyensu suka tada maganar wai ta sayar da zoben ta saka na kwalba a yatsa, kuma macen da za ta sayar da zoben miji tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ba za a bar mata gida ba. Ta ji tsoron kai zoben da kanta kada su ƙwace. Ta yanke shawarar aika musu hoto, ta zo wurina, don a layinmu ni ake cewa na iya.

Ni kuwa a lokacin ban taɓa ɗaukar abin da ya fi kan mutum ƙanƙanta ba. Hoton fasfo, hoton biki, 'yan kwaya masu waƙar majami'a a jere ranar Kirsimeti, nan na tsaya. Da na ce mata, "Madam, ban taɓa ba, ki ba ni kwana biyu in gwada," da an wuce wurin. Amma ina saurayi mai sabuwar kyamara, ga maƙwabta sun leƙo suna son ganin daimon. Na ɗora zoben a kan tebur, na matso, na maka masa filashi gaba da gaba yadda nake maka wa ango. Da na wanke hoton, inda dutse yake sai fari fat, ba gefe ba kusurwa, kamar an ɗiga koko a takarda. Ta duba ta ce, "Haka yake fitowa?" Na ce haka yake fitowa. Ta yarda da ni, ta sa a ambulan ta aika ta hannun direban babbar mota.

Bayan mako uku ta dawo. Ba ta yi hayaniya ba, da ma ta yi. Ta zauna a bencin nan da Dattijo yake zama, ta ce, "Mai hoto, sun ce fasasshiyar kwalba ce. Sun zagaya da shi gida-gida."

Kin san abin da ubanki ya ce mata? Na ce, "Madam, kyamara ba ta ƙarya. Abin da ta gani shi ta ɗauka. Ƙila dutsen ne." Mace ta zo min da kukanta, na ƙara mata da zargin mijinta da yake kwance a kabari, don kawai kada in buɗe baki in ce ban iya ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. In Hajiyarki ta miƙo miki abin da ba ki taɓa ɗauka ba, ki ce ba ki taɓa ba, ki nemi lokaci ki gwada. Kada ki ɓata aiki ki ce laifin kayan ne.

Game da haske kuwa, kada ki taɓa buga wa daimon wuta a fuska. Fatar mutum shan haske take yi, shi kuwa mayarwa yake yi, duk abin da kika jefa masa zai jefo miki cikin idon kyamara. Ki kashe filashi ki manta da shi. Ki nemi taga wadda rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye, ki rataya mata farin yadi mara kauri, ki ajiye kayan yadda haske zai zo musu ta gefe, ko ta gefe da ɗan baya. Ki kashe ƙwan lantarkin ɗakin, musamman masu ja-ja ɗin nan, in ba haka ba dutse zai fito ruwan shayi, mai kaya ta ce kin zubar masa da daraja. Na san za ki ce a Abuja akwai manyan fitilu masu laima, ba sai an yi fama da taga ba. To, a samu. Fitilar ma sai kin san gefen da za ki ajiye ta, kuma a jikin taga ake koyon wannan.

Daga shagona Mama Emeka ta wuce wurin Baba Lasisi, wani tsohon Bayarabe maƙerin zinariya da yake bayan layinmu, don ya duba mata ko mijin nata yaudararta ya yi. Washegari da hantsi sai ga su tare. Tsohon ya shigo ko gaisuwa babu.

"Kai ne ka ce dutsen nan kwalba ne?"

Na ce, "Baba, ban ce ba, cewa na yi ƙila."

Ya ce, "Ƙila ɗinka ya hana baiwar Allah cin abinci tun jiya. Ɗauko kyamara."

Ni da ma na fara zargin filashi, don haka na yi sabuwar dabara don in burge shi. Na ɗauko kwali na liƙe cikinsa da farar takarda ta ko'ina, na sa zoben a tsakiya, na kai bakin taga. Na leƙa ta kyamara na ga farin nan mai kashe ido ya tafi, har na fara murmushi. Baba Lasisi ya ture ni ya leƙa, ya ce, "Da kwalba, yanzu kuma ƙanƙarar firji." Gaskiyarsa. Dutsen ya mutu murus, fari ta ko'ina, ba a ganin yanka ko ɗaya a jikinsa.

Sai ya cire baƙar hularsa ya riƙe ta kusa da zoben, ya ce in sake leƙawa. Rahila, ban manta abin da na gani ba. Wasu fuskokin dutsen sun ɗauki baƙin hular, wasu sun tsaya farare, sai ga yankan ya fito ɗaya bayan ɗaya, kowane da iyakarsa. Ya ce, "Dutsen nan ƙananan madubai ne aka haɗa. Ba shi da kalar kansa, abin da yake kewaye da shi yake nuna maka. In fari kaɗai ka ba shi, da me zai nuna maka yankansa?" Sannan ya sa na ɗauko ƙaramar tocila, ya ce in ja baya, in riƙa karkata ta a hankali. Ina cikin yi sai wuri ɗaya ya kama, ja da shuɗi suka tartso. Ya ce, "Tsaya nan. Ɗaya ya isa, ba biki muke yi ba."

Saboda haka kada jakarki ta rabu da baƙin kwali. Ki yanka shi sirara-sirara, faɗin yatsu biyu, ki tsayar da ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, ki riƙa matsar da su kaɗan-kaɗan idonki na cikin kyamara har yankan ya fito. Farin kwali kuma ki sa shi a gefen da inuwa ta yi nauyi, don zinariyar ta samu nata rabon. Aikin haƙuri ne, ke kuwa kun yi hannun riga da haƙuri tun kina goye. Zobe ɗaya yana iya cinye miki safiya guda.

Na san abin da kike cewa a ranki yanzu. Mutumin da yake koya min sa baƙi, shi ne ya ce baƙi ya yi yawa. Na ce miki zan zo wurin.

Hoton ranar ya fito tsaf, har Baba Lasisi ya gyaɗa kai. Ta aika. Amma magana zarar bunu ce, ta farkon ta riga ta zauna a ƙauyen. Suka ce aron na wata ta yi ta ɗauka. An bar mata yara, gidan kuwa ƙanen mijin ya zo ya shige. Ta kama ɗakin haya a unguwar Jama'a. Shekara da shekaru in ta biyo ta PZ ta zo daidai shagona sai ta tsallaka titi. Kullum ina cewa gobe zan tare ta in ba ta haƙuri, har ranar da na ji ta kwashe yaranta ta koma kudu.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma kowanne ya ci min aiki. Wata Asabar na taso daga gwajin waƙa da jar rigar 'yan kwaya a jikina, na tsaya na ɗauki 'yan kunnen wani ɗan kasuwa. Da hoto ya fito, kowane dutse da ja a cikinsa. Mutumin ya ce shi daimon ya kawo min, ina na samo masa jan dutse? Rigata ce. Dutsen yana ganinki kamar yadda kike ganinsa, kuma duk abin da ya gani sai ya kai ƙara. Ke kuwa na san kayanki, ɗankwali ruwan ɗorawa, riga kore shar, ga farce ja wur kamar kin yanka kaza. Ranar aiki ki sa baƙi ko ruwan toka, ki ajiye kwalliya sai Lahadi. In da hali ma, ki huda baƙin kwali ki leƙo da idon kyamara ta ramin, ke kina baya.

Sai maiƙo. Na taɓa cin ƙosai na goge hannu a wando na ɗauki sarƙa na jera. A ido lafiya lau take. Da aka faɗaɗa hoto, ga zanen babban yatsana kwance a kan dutsen tsakiya sai ka ce na je dangwala ƙuri'a. Daimon yana kama maiƙo fiye da yadda kike zato, kuma da ya kama wutarsa ta dushe. Ki wanke hannu, ki goge kaya da ƙyalle mai laushi mara gashi, ki riƙe zobe ta gindi, ki kore ƙura da 'yar robar hura iska, ba da baki ba. Bayan kin jera ki sake dubawa. Ina faɗa ne don na sha ganinki kina danna kyamara da hannun dama, na hagu yana cikin ledar awara.

Tsayar da zobe kuma, kada ki yi da cingam. Na yi. Zafin bazara ya narkar da shi, zoben amarya ya gangaro daga tebur, ya bi ta ƙofa ya faɗa kwata, ango yana tsaye yana kallo. Ubanki ya naɗe hannun riga ya shiga lalube a kwatar PZ, masu shaguna suna ba ni shawara daga sama. Na samo shi, amma har yau akwai tsofaffin da suke tambayata ko kifi ya kamu. Ɗan ɗigon kakin zuma a ɓoye a ƙarƙashi ya isa. Ki shimfiɗa tawul a ƙasa, ki rufe ƙofa.

Wajen jera kaya ma na yi shirme iri-iri. Akwai lokacin da nake ganin in hoto bai cika ba, ban yi aiki ba. Zoben aure ɗaya sai in kewaye shi da furen roba da leshi da kyandir biyu da katin biki. Wata amarya ta karɓi nata ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta ce, "Oga mai hoto, ina zoben?" Kafin ki danna, ki tambayi kanki wa aka zo gani. In zobe ne, kowa ya ba shi wuri. Shimfiɗa ɗaya mara zane ta isa, ki bar masa sarari ya sha iska, ki ɗan karkata shi, kyamara ta leƙo daga ɗan sama yadda za a ga fuskar dutse a kuma ga da'irar zobe. Sarƙa ki lanƙwasa ta yadda take kwanciya a wuya, ta ja ido zuwa dutsen. Kuma ki ɗaure kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku. Na ji ki kina cewa hannunki ba ya rawa. Hannun kowa yana rawa, a hoton biki ne ba a gani. Ki tsuke ƙofar hasken kyamara don dutse ya fito garau daga gaba har baya, ki saita a kan fuskarsa ta sama, ki sa kyamara ta danna kanta ki cire hannu.

Na kuma ga abin da abokan karatunki suke yi a kwamfuta, a ɗauki zobe a liƙa masa tauraro mai ƙafa huɗu. Ba ku kuka fara ba. Ni da allura na yi nawa, na karce fim na yi wa 'yan kunnen kwalba walƙiyar da ba su da ita, don mai su ya matsa min. Wata mata ta saya a kan hoton, ta gane daga baya, kuma da ta tashi zagi ba sunan mai kaya ta kira ba, cewa ta yi hoton Bulus ne ya cuce ta. Ki share ƙura a kwamfuta in ta kuɓuce miki. Wutar da ba ki gani da idonki ba, kada ki ƙara, ko Hajiya ce ta ce.

To, na zo wurin.

Rahila, ban ga hoton nan ba. Ranar Talata da kika miƙo min waya, abin da na gani shi ne wani haske da ɗigo-ɗigon baƙi a cikin hayaƙi. Yanar ido ce, shekara biyu ke nan tana rufe ni a hankali, na dama ya fi. Da farko na ce madubin kyamara ne, na goge har na gaji. Na canza tabarau sau biyu. Kin lura tun bara in kina shago aka zo ɗaukar hoto, sai in ce ke ki saita, wai ina koya miki? Ba koya miki nake ba, saitin ne ba na gani. Hotunan da nake ɗagawa a bakin ƙofa in ce sun yi, yawancinsu hannunki na ba amana. Takardar nan ma da alƙalamin rubutu a kwali na rubuta ta, shi ya sa ta cinye littafi guda, in kin ga layi ya hau layi ki yi haƙuri.

Likita ya gaya min tun kafin bikin Ista, ya ce abu ne da ake cirewa, in zo a sa rana. Na karɓi takardarsa na sa a aljihu na dawo shago ban gaya wa kowa ba, har mamanki. Mai hoto a ce ba ya gani? A PZ, inda in ka yi tuntuɓe da safe, kafin rana ta take an ce mota ce ta buge ka?

Da kika miƙo wayar, Dattijo yana kallona, mutanen nan biyu suna kallona, ke kina kallona. Abin da ya kamata in ce shi ne, 'yata, ba na gani, faɗaɗa min. Sai bakina ya kama abu ɗaya da ido ya iya tsinta, baƙi, na yanke hukunci a kansa, har na ƙara da gawayi don a yi dariya a daina kallona. Abin da na yi wa matar mutane ina saurayi, shi na yi wa 'yar cikina da furfura a kaina. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar nan babba bai hango komai ba, baki kawai ya yi, kuma ina jin haushin kaina fiye da yadda kike jin haushina.

Shekaranjiya na kasa daurewa na gaya wa mamanki. Ta yi min faɗan da na cancanta, ta haɗa da na shekarun baya da ta ajiye. Sannan ta ce ai kin tura mata hoton a wayarta. Jiya na karɓi wayar na hau motar Samaru, don ba zan shiga shagon wani mai hoto a Sabon Gari a ce Bulus ya kawo aiki ba. Na sa aka buga min shi girman kalanda. Na biyo ta bakin layin Anti Lami, na tsaya, na kasa shiga. Na dawo na aro gilashin mai gyaran agogo, na fito da hoton bakin ƙofa na bi shi kusurwa-kusurwa, ya ɗauke ni kusan awa guda.

Baƙin da kika sa daidai yake, ko ɗigo bai wuce ba. Kowane yanka ya fito da iyakarsa. Wuta ɗaya kika bari, a kafaɗar hagu, inda ya kamata. Na ga ma kin sa wani abu a ƙasa da ya sassauta inuwar zoben, ban san yadda kika yi ba, kuma ina so in sani. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ya yi, Rahila. Na gaya wa Dattijo Ishaya haka da bakina yau da safe, a gaban mutanen da suka fi na ranar yawa, na kuma gaya masa dalili. Wannan karon bai yi dariya ba.

Kin ga ke nan rabin abin da na cika takardar nan da shi kin riga kin sani. Ban san inda kika koya ba, tunda ban taɓa ganin kin saurare ni ba. Duk da haka ki riƙe, maganar awara da farce tana nan daram.

Kada ki kuskura ki fasa tafiya saboda idona. In kika fasa, sabon faɗa za mu buɗe wanda ya fi wannan. Na koma wurin likita an sa min rana bayan damina, mamanki za ta raka ni. Ya ce yawanci ana dacewa. Yawanci ya ce, bai ce kullum ba, shi ya sa nake roƙon abu ɗaya. Yafewa in ba ki shirya ba ki bar ta sai kin huce. Amma jibi kafin ki wuce tasha, ki biyo ta shago, zan buɗe tun ƙarfe bakwai. Kada ki tsaya a titi ki ɗago min hannu, daga can ba na bambanta ki da sauran 'yan matan da suke wucewa. Ki shigo ciki, ki tsaya kusa, in dube ki sosai.

Ki gaishe min da Anti Lami da maigidanta. Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki a hannun mutanen kirki, ya tsare ki daga ɓarawo da mugun zargi a wurin da kaya masu tsada suke. Ya ba ki natsuwa a aiki, ya kare lafiyarki a baƙon gari. Ya sa in gan ki jibi, ya kuma sa in gan ki ranar da za ki dawo. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Bulus mai hoto